Wa Ya Riƙe Goyon?

Kowace shekara, ranar 15 ga watan Janairu, ƙasarmu tana tunawa da 'yan mazan jiya, watau sojojin da suka faɗi a fagen daga da waɗanda suka tsira da rai suka komo gida. A Lahadin da ta gabaci wannan rana, majami'u da dama a kudancin Kaduna sukan keɓe ɗan lokaci cikin sujada, a kira tsofaffin sojoji su miƙe tsaye, a yi godiya, a yi musu addu'a. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu, gama daga ƙasar Ham zuwa Kagoro, daga Kagoma zuwa Zangon Kataf, da wuya ka sami dangin da ba su ba da ɗa ga aikin soja ba. Daga wannan yanki Janar Martin Luther Agwai ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 2003 zuwa 2006, haka kuma Laftanar Janar Luka Yusuf wanda ya hau wannan kujera a 2007. Sai dai mai karatu ya lura da sunan da muka ba waɗannan mutane. Mun ce 'yan mazan jiya. Harshen kansa bai tanadi wurin zama domin mace ba.

A irin wannan Lahadi, cikin wata majami'a a Kwoi, na ga an kira mace ta miƙe tare da maza. Mutanen unguwa suna ce da ita Mama Soja, ni ma da wannan suna zan kira ta. Mai gabatarwa ya karanta tarihinta daga takarda, jama'a suna tafi a ƙarshen kowane layi. Ta yi karatu a makarantar sakandare ta 'yan mata da ke Kwoi, wadda mishan suka kafa daga baya gwamnati ta karɓa. Ta koyi jinya da ungozomanci, ta shiga sashen lafiya na soja a tsakiyar shekarun 1980. Ta yi aiki a barikokin Kaduna da Jos da Legas, ta tafi Saliyo cikin rundunar kiyaye zaman lafiya. Tana bakin aiki ta yi digiri. Ta bar soja da muƙamin manjo, ta komo gida ta buɗe siton citta, ta zama uwa a Zumuntar Mata, tana ziyartar gwauraye, tana duba masu juna biyu a ƙauyuka ba ta karɓar ko kwabo. Ga kuma 'ya'ya huɗu, dukansu sun gama jami'a. Mai gabatarwa ya rufe da cewa ga macen da ta haɗa duka, ya roƙi 'yan matan da ke wurin su yi koyi da ita.

Bayan an tashi na je in gaishe ta. Na iske ta a bayan majami'a inda mata suke rabon shinkafa, tana tsaye kusa da wata mace mai shekara wajen arba'in wadda take kwasar abinci daga tukunya. Na ce, “Mama, barka da wannan rana. Yau kam an ba ki girman da ya cancance ki.” Ta yi murmushi, ta dafa kafaɗar mai kwasar abincin, ta ce, “Ɗana, an karanta kome, amma ba wanda ya tambaya wa ya riƙe goyon.” Wannan magana ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin rubutun nan.

Kafin in shiga cikinta, bari in share wata hanya, kada a yi tsammani ina so in rage wa matar nan daraja. Yabon da aka yi mata daidai ne, har ma bai kai ba. Matan da suka sa kaki a ƙasar nan ta ƙaramar ƙofa suka shiga. A 1961 ne aka fara ba mace muƙamin hafsa a sojan Nijeriya, watau Josephine Tolefe, ita ma ma'aikaciyar jinya ce. Shekaru da yawa bayan haka, asibiti da ofis su ne iyakar inda ake barin mace ta tsaya. Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa da ta yi karatu a Ibadan da Landan, ta shiga soja a 1972, sai a 1994 ta zama mace ta farko da ta kai Manjo Janar, ta kuma shugabanci sashen lafiya na rundunar baki ɗaya kafin ta yi ritaya a 1997. Ta haifi 'ya'ya maza biyar, ɗaya daga cikinsu, Yemi Kale, ya riƙe hukumar ƙididdiga ta ƙasa daga 2011 zuwa 2021. Ta rasu a 2023. Makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ba ta karɓi mata a kwas ɗin mayaƙa na dindindin ba sai a 2011. A 2012 'yarmu Blessing Liman, daga Zangon Kataf, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijeriya. A 2018 ne rundunar sojan ƙasa ta kafa sashen mata na musamman. Duk macen da ta shiga soja a zamanin Mama Soja ta kuma yi shekara talatin da wani abu a ciki, ta haɗiye abin da yawancinmu ba za mu iya haɗiyewa ba.

Matsalar tana cikin kalmomi uku ɗin nan: ta haɗa duka. Magana ce mai daɗin ji, amma lissafi bai yarda da ita ba. Yini da dare sa'a 24 ne ga soja da farar hula. Ma'aikaciyar jinya da ke aikin dare a asibitin bariki tana barin gida da yamma, ba ta komowa sai rana ta fito, jariri kuwa bai san da jadawalin aiki ba. Sojan da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kaduna zuwa Legas ba a tambayarsa ko ya shirya. Wadda aka tura Saliyo, inda rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna daga 1999 zuwa 2005, ta yi watanni ba ta ga fuskar 'ya'yanta ba, a zamanin da wayar hannu ba ta shiga hannun kowa ba tukuna. Wadda take karatun digiri a Buɗaɗɗiyar Jami'a, bayan an farfaɗo da ita a 2002, da dare take buɗe littafi, Asabar take zuwa aji. A dukan waɗannan sa'o'i akwai yaro da ke kuka, akwai tuwo da za a tuƙa, akwai rigar makaranta da za a wanke. Wani ne ya yi waɗannan ayyuka. In an ce ta haɗa duka, an shafe sunan wannan mutum daga takarda.

A gidan Mama Soja, wannan mutum ita ce matar da na gani tana kwasar shinkafa. 'Yar wanta ce. An ɗauko ta daga wani ƙauye kusa da Kwoi tana da shekara goma sha ɗaya, tana aji biyar na firamare, lokacin da aka haifi ɗa na uku. An yi alkawari za ta ci gaba da makaranta a bariki, an kuwa rubuta sunanta. Amma goyo ba ya jiran a tashi daga aji. Yau jariri yana zazzaɓi, gobe Anti tana aikin dare, jibi an yi baƙi. Zangon farko ta je rabi, na biyu ta je kashi ɗaya cikin uku, na uku malamai suka daina kiran sunanta. Babu ranar da wani ya zauna ya yanke shawara a cire ta daga makaranta. Abin ya tsiyaye ne kamar ruwa daga tulu mai tsaguwa. Ta yi shekara goma sha biyu a gidan, ta goya na uku da na huɗu, ta riƙe gida duka sa'ad da uwar gida take Saliyo. Aka yi mata aure da kaya masu kyau, da keken ɗinki, da gado da katifa. Yau tana sayar da kayan miya a Kafanchan, tana iya rubuta sunanta, tana iya lissafin kuɗi, amma wasiƙar da makarantar 'ya'yanta ta aiko sai an karanta mata. Yaran da ta goya, ɗaya injiniya ne, ɗaya lauya.

Ga tambayar a fili. In ilimin mace ɗaya da ci gabanta sun tsaya a kan bayan wata yarinya da ta rasa nata, me za mu kira wannan? Nasara ce, ko bashi ne? In kuwa bashi ne, a wuyan wa yake?

Na san amsar farko da za a ba ni, gama na ji ta daga bakin dattawan da nake girmamawa. Za a ce wannan riƙo ne, al'adarmu ce, kuma ta yi mana amfani. Gaskiya ne. Tun da mishan suka sauka a Kwoi a 1910, tun da jirgin ƙasa ya mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920, ta hanyar riƙo ne yara da yawa suka ga cikin aji. Malamin makaranta ya ɗauki ɗan ƙanensa, ma'aikacin reluwe ya ɗauki 'yar ƙanwarsa, ɗan sanda ya ɗauki maraya. Yaron ya ɗebo ruwa, ya share tsakar gida, ya tafi makaranta. Fastoci da likitoci da alƙalai da yawa daga yankin nan da haka suka tashi, ba kuwa za su yarda a zagi gidan da ya riƙe su ba. Za a ƙara da cewa da an bar yarinyar a ƙauye, wataƙila da gonar citta ce ta cinye ta, ko a aurar da ita tun tana 'yar shekara goma sha shida.

Wannan amsa tana da nauyi, amma ita da kanta take ba da shaida a kanmu. Abin da ya sa riƙo ya zama abin yabo shi ne musanyar da ke cikinsa: yaro ya ba da ƙarfinsa, gida ya ba shi gobe. In aka karɓi ƙarfin aka hana goben, sunan riƙo ne kawai ya rage, cikinsa ya zama wani abu dabam. Batun abin da zai same ta a ƙauye kuma, ba mu da ikon kafa hujja da shi. Wanda ya ari fartanyar maƙwabcinsa ya karya, ba ya cewa ai ko da ban ara ba tsatsa za ta ci ta. Alkawari aka yi wa uban yarinyar, da alkawarin za a auna mu.

Amsa ta biyu ta fi ta farko kaifi, mata ne kuma suka fi ba da ita. Za su ce: me ya sa sai mace ake yi wa wannan tambaya? An taɓa tsayar da janar namiji a bakin majami'a a tambaye shi wa ya riƙe masa 'ya'ya sa'ad da yake Laberiya ko Darfur? An sani matarsa ce, an kuma ɗauka haka ya kamata. Shekara da shekaru matan sojoji suna barin karatunsu da sana'arsu suna bin miji daga bariki zuwa bariki, ba wanda ya kira wannan bashi. Yanzu da mace ɗaya ta sami hawa, sai a ɗauko ma'auni? Na yarda da wannan ƙorafi ɗari bisa ɗari. Amma ina ganin inda yake kai mu shi ne a faɗaɗa tambayar, a yi wa maza ita tare da mata. Kowane mutum da aka karanta tarihinsa a gaban jama'a, namiji ko mace, akwai wanda ya riƙe masa goyo. Bambancin kawai shi ne, namiji yana da mata wadda aƙalla sunanta yana cikin takarda, ana kiranta ta tsaya a gefensa a ɗauki hoto. Mace kuwa ba ta da mata. Saboda haka nauyin yana gangarawa ƙasa har sai ya sami wanda ba shi da bakin ƙi, wannan kuwa kusan kullum yarinya ce daga ƙauye.

In aka bi sawun bashin da gaskiya, za a tarar ba a ƙofa ɗaya ya tsaya ba. Akwai rabon maigida. Mijin Mama Soja malamin sakandare ne, mutumin kirki, ya rasu shekarun baya. Ita da bakinta ta ce bai taɓa hana ta aiki ko karatu ba, mu kuwa mukan lissafta wannan a matsayin babban alheri. Amma yana tashi daga makaranta da ƙarfe biyu, yana gida sa'ad da take aikin dare, bai kuwa taɓa zuwa masa a rai cewa zai iya riƙe ɗansa sa'a uku domin yarinyar ta je ajin yamma ba. Ba mugunta ba ce. Haka aka rene shi, haka aka rene ni, haka kuma muke renon 'ya'yanmu maza har yanzu. Malami yana koyar da 'ya'yan wasu da safe, ga yarinya a ɗakin girkinsa tana manta abacada.

Akwai rabon ƙasa. Wanda ya ɗauki uwa aiki, ya sa ta aikin dare, ya tura ta ƙetare, ya san akwai yara a bayanta. In bai tanadi wurin reno ba, bai kuma biya albashin da zai isa a ɗauki babbar mace aiki a biya ta ba, to, ya bar wa wata yarinya ta cike gurbin kyauta. Ƙasar nan ta daɗe tana cin irin wannan bashi daga sojojinta. Waɗanda suka san Abuja a farkon shekarun 2000 suna tunawa da tsofaffin sojoji da suke kwana a gefen titi suna jiran fansho. In ƙasa ta yi haka da wanda sunansa da lambarsa suke cikin rajista, ina ga wadda ba ta cikin kowace rajista?

Akwai kuma rabonmu, mu masu taruwa ran Lahadi. Duk shekara a makon mata ana yi mana wa'azi a kan macen kirki da ke sura ta 31 ta littafin Karin Magana, wanda tsohon juyi ya kira Misalai. Ana nuna wa mata cewa tana ciniki, tana sayen gona, tana taimakon matalauta, gidanta kuma ba ya rasa kome, a ce su ma su yi haka. Abin da ban cika jin an tsaya a kai ba shi ne, surar da kanta ta ambaci cewa matar tana da 'yan mata masu yi mata hidima, tana kuma tashi tun da duhu ta ba su rabonsu. Littafin bai ɓoye hannuwan da suke taimakonta ba, mu ne muke ɓoyewa. Da haka muke ɗora wa matanmu kaya biyu: muna sa su ji kunya in sun kasa haɗa duka, muna kuma koya musu su yi shiru a kan wanda ya taimake su in sun haɗa. Yarinyar nan ta yi shekara goma sha biyu tana zuwa majami'ar bariki da goyo a baya. Fasto ya gan ta, dattawa sun gan ta, matan Zumunta sun gan ta. Ba wanda ya ce, “Yarinya, aji nawa kike?”

Abin da ya fi koya mini darasi cikin labarin Mama Soja ya faru ne bayan ta tuɓe kaki. Da garatutinta ta kama sito, ta shiga cinikin citta, wanda shi ne arzikin ƙasar Jaba da Kachia da Kagarko. Takan saya da kaka sa'ad da manoma suka tona suka tsaga suka shanya, ta ajiye buhuna har farashi ya ɗaga, ta sayar wa masu kaiwa Legas da Kano. Horon soja ya yi mata rana: tana rubuta kowane buhu, ba ta ba da bashi da baki. Da riba ta fara shigowa sai ta duƙufa ga hidimar jama'a, sunanta ya fita a gari. Ta ce mini wata rana tana dawowa daga kai wa gwauraye masara, zuciyarta cike da murna, sai ta bi ta kasuwar Kafanchan ta iske 'yar wanta tana roƙon wani yaro ya karanta mata takardar asibiti. Ta ce a nan ƙafarta ta yi sanyi. Tana raba kyauta a waje, ga haƙƙi a cikin gida ba ta biya ba.

Wannan bambanci tsakanin alheri da haƙƙi shi ne zuciyar maganar. Alheri abin da ka ba da ne daga naka, kana da ikon bayarwa, kana da ikon hanawa, wanda ya karɓa kuma yana yi maka godiya. Haƙƙi kuwa na wani ne da ya maƙale a hannunka, in ka mayar ba ka yi gwaninta ba. Alheri yana da daɗin yi, gama yana ɗaga mai yinsa, ana ambatonsa a sanarwa. Biyan haƙƙi yana da ɗaci, domin kafin ka biya sai ka yarda cewa ka ci. Shi ya sa mutum zai iya gina ajin makaranta a ƙauyensu da sunansa a jikin bango, alhali direbansa yana bin sa albashin wata uku. Ba na cewa hidimar jama'a munafunci ce. Gwaurayen da suka ci masarar nan sun ƙoshi da gaske, matan da ta karɓi haihuwarsu sun rayu da gaske. Ina cewa akwai jeri, haƙƙi ne kuma a gaba. Wanda ya tsallake shi ya tafi ga alheri, da kuɗin wani yake kyauta.

Mama Soja ta kira 'yar wanta da mijinta da wan nata, wanda ya tsufa ƙwarai, ta zaunar da 'ya'yanta huɗu, ta faɗi abin da ya faru da sunansa. Ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yan matar guda uku har inda ƙwaƙwalwarsu ta kai su, ta sa injiniya da lauya su riƙa zuba nasu kason kowane zango, ta kuma rubuta wa matar kashi a cikin sito. Ta hana kowa a gidan ya kira wannan taimako. In ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya ce muna taimakon Anti, sai ta gyara masa ta ce biya muke yi. Wasu dangi sun ga abin ya yi yawa. Suka ce ai an aurar da ita da mutunci, me ya rage? Wasu suka ce tana tone abin da ya riga ya kwanta.

Gwajin ya zo a 2023, shekarar da cuta ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna. Ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa ba su tona ko irin da suka shuka ba. Waɗanda ta ba kuɗin taki da alkawarin buhu da kaka suka zo hannu wofi, siton ya zauna kusan babu kome. A wannan shekara ta rage abin da take kaiwa waje, ta gaya wa matan Zumunta a fili cewa bana ba za ta iya abin da ta saba ba, mutane kuwa suka yi gunaguni. Kuɗin makarantar yaran nan uku daga fanshonta ta cire, ba ta bari ko zango ɗaya ya wuce ba. Da alheri ne, da shi za a fara yankewa ran da hannu ya bushe.

Duk da haka kada mu ruɗi kanmu cewa an biya an gama. Akwai bashin da ba ya biyuwa da irin abin da aka ara. Shekarun da ke tsakanin goma sha ɗaya da ashirin da uku ba su da kasuwar da ake sayensu. Matar nan da an bar ta a aji, wataƙila da ita ma malama ce ko nas, wataƙila kuma da ba ta zama kome ba, amma da zaɓin nata ne. Abin da aka yi wa 'ya'yanta ya share mata hawaye, bai mayar mata da ƙuruciyarta ba. Mama Soja ta san wannan, shi ya sa tafin da aka yi mata a majami'a bai shiga jikinta duka ba. Ni dai a ganina wannan rashin sakewa tata ya fi lambobin da ke ƙirjinta daraja.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san akwai Debora biyu a ciki. Ta farko da kowa ya sani tana cikin littafin Mahukunta, annabiya ce mai shari'a, ta fita yaƙi tare da Barak. Ita ce ake ambata duk ran da aka tashi yabon mace jaruma, an kuwa ambace ta a ranar da nake ba da labari. Ɗayar tana cikin Farawa sura 35. Ita ce mai renon Rifkatu, wadda ta bar ƙasarta ta bi uwargijiyarta. Ba a rubuta wata magana da ta faɗa ba, ba a rubuta wani abin al'ajabi da ta yi ba, amma an rubuta mutuwarta, an rubuta inda aka binne ta kusa da Betel, an kuma sa wa itacen da ke wurin suna domin kukan da aka yi mata. Marubucin ya ga ya dace sunan mai reno ya shiga tarihin kakanni. Takardar da aka karanta a Kwoi ba ta kai wannan adalci ba.

Maganar ba ta tsaya ga zamanin da ya wuce ba. Matanmu masu ilimi sun fi na dā yawa nesa ba kusa ba: sojoji, 'yan sanda, nas-nas, ma'aikatan banki, malaman jami'a a Kaduna da Abuja da Jos. Abin godiya ne. Amma bayan kowace Kirsimati, bayan kowane bikin Tuk Ham, motocin da suke komawa birni suna ɗauke da buhun doya da citta, da kuma wata ƙaramar yarinya a kujerar baya riƙe da jakar leda. Doka ta riga ta yi magana. Dokar haƙƙin yara ta 2003 da dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 sun wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, jihar Kaduna ta yi tata dokar kare yara a 2018, dokar hana fataucin mutane ta 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin girki, musamman in yarinyar 'yar dangi ce. Maƙwabci ne yake shiga, da uwar Zumunta, da dattijon da ya san gidan. Su ne za su iya tambaya ko makarantar da take zuwa irin ta 'ya'yan gida ce, ko tana da sa'ar yin aikin gida da malami ya ba ta, ko maigida yana ɗaukar ɗansa sa'ad da take jarrabawa. Tambayoyi ne masu sa a ɓata fuska, na kuwa san wanda ya yi su ba zai ƙara samun gayyatar cin abinci a wasu gidaje ba.

Kafin in bar wurin rabon shinkafar ran nan, na juya ga matar da kanta, gama na ga muna ta magana a kanta tana tsaye kamar ba ta nan. Na ce, “Anti, ke me kika gani cikin wannan duka?” Ta goge hannu da zane, ta ce ba ta riƙe kowa a zuciya ba, yaran da ta goya nata ne, in sun zo gida wurinta suke fara sauka. Sa'an nan ta ce babbar 'yarta tana shekara ta biyu a kwalejin jinya ta Kafanchan, kwanan baya kuma wata 'yar'uwa daga Abuja ta aiko tana neman ƙaramar, mai shekara goma, ta je ta taya ta reno, da alkawarin makaranta mai kyau. Na tambaye ta abin da ta amsa. Ta ce ta gaya mata ta bari sai yarinyar ta gama sakandare, in har lokacin tana bukata, sai su yi maganar albashi. Ta ɗauki ludayi ta ci gaba da zuba wa mutane abinci, gama layin bai ƙare ba.